Kalmomin Sata da Fashi a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibi mai shirin WAEC ko JAMB, da mai fassara labarai a gidan rediyo, da mutumin da aka yi wa ɓarna zai rubuta koke ga 'yan sanda, duk sukan tsaya a wuri guda: Turanci yana da kalmomi masu yawa na ɗaukar abin wani, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Kowace tana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauki abin, da wurin da aka ɗauke shi, da halin da mai shi yake ciki a lokacin. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Mene ne bambancin *theft* da *robbery*?

*Theft* ita ce sata, kuma ita ce uwar sauran kalmomin. Duk wanda ya ɗauki abin wani ba da yardarsa ba, da mugun nufi, ya aikata *theft*, sunansa *thief*. *Robbery* kuwa fashi ne: sata ce da aka haɗa da ƙarfi ko tsoratarwa a kan mutum. Sai an doki wani, ko an shaƙe shi, ko an nuna masa wuƙa, ko an ce masa ya miƙo ko a illata shi. Mai yin haka shi ne *robber*, idan kuma da makami a hannunsa, *armed robber*.

Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta raba su sarai. Sashe na 1 ya ce sata ita ce mutum ya mallake dukiyar wani cikin rashin gaskiya da niyyar raba shi da ita har abada. Sashe na 8 ya ce fashi shi ne a yi satar, sannan a yi amfani da ƙarfi ko a jefa wani cikin tsoro daf da lokacin ko a lokacin, domin satar ta yiwu. Iyakar hukuncin sata a can ɗaurin shekara 7 ne, na fashi kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Yawan kuɗin da aka ɗauka ba shi ke mayar da sata fashi ba. Wanda ya shaƙe yaro ya karɓe masa naira ɗari biyu ya yi *robbery*. Wanda ya ɗauke zanen Mona Lisa daga gidan tarihi na Louvre a Faris a 1911, ba tare da ya taɓa kowa ba, *theft* ya yi.

Yaya ake amfani da *steal* da *rob* a cikin jimla?

Nan ne kuskure ya fi yawa, har a jaridu. *Steal* tana bin abin da aka ɗauka, *rob* tana bin mutumin ko wurin da aka yi wa ɓarnar. Ana cewa *They stole my phone*, ana kuma cewa *They robbed me*, ko *They robbed the bank*. Idan kana son ambaton duka biyun da *rob*, sai ka kawo *of*: *They robbed me of my phone*. Da *steal* kuma *from* ake kawowa: *They stole the phone from me*. Jimlar *They robbed my phone* ana jin ta a bakin mutane, har a wasu yankunan Ingila, amma mai duba takardar jarrabawa zai soke ta. *They stole me* kuwa tana nufin kai ɗin aka ɗauke.

Ka riƙe canjin kalmar: *steal, stole, stolen*, *rob, robbed, robbed*. *Thief* suna ne, jam'insa *thieves*. A Turancin buroka ne ake mayar da shi aikatau. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ƙara kula, domin *voler* guda ɗaya ce take yin aikin *steal* da *rob* duka a wancan harshe.

An shiga gidana ba na nan, an kwashe kaya. Wace kalma zan yi amfani da ita?

*Burglary*. Wanda ya shiga shi ne *burglar*. Turawan Ingila suna cewa *My house was burgled*, Amurkawa kuma *burglarized*. Jigon wannan laifi shi ne shiga gini ba izini da niyyar aikata ɓarna, don haka a dokar Ingila ko bai samu abin ɗauka ba, laifin ya tabbata. A hira ta yau da kullum za ka ji mutum ya ce *We were robbed* alhali haura masa gida aka yi yana kasuwa. Ana fahimtarsa, amma a takardar koke ko rahoton labarai bai dace ba.

Misalai biyu daga Ingila suna nuna iyakar. A watan Agusta na 1963 wasu gungu suka tare jirgin ƙasa na gidan waya da ya taso daga Glasgow zuwa Landan, suka doki direban a ka, suka kwashe kimanin fam miliyan 2.6. Shi ya sa har yau ake kiran abin *Great Train Robbery*. A hutun Ista na 2015 kuma wasu dattawa suka huda bangon ma'ajiyar gwala-gwalai ta Hatton Garden a Landan lokacin da ba kowa a ciki. Dukiyar da suka ɗauka ta miliyoyin fam ce, amma da haɗa baki wajen *burglary* aka tuhume su.

A dokar laifuka ta kudancin Najeriya an riƙe tsohon tsari: fasa gida da rana *housebreaking* ne, da dare kuma *burglary*. Za ka kuma ji 'yan Najeriya suna kiran ƙarafan da ake sa wa taga *burglary*. Gajarta *burglary-proof* aka yi, kuma Bature ba zai gane ba idan ka ce masa ka sa *burglary* a tagarka.

To, me ya sa za a damu haka? Ai duk sata ce.

Domin a Najeriya tazarar da ke tsakanin kalmomin nan tana iya zama tazarar rai da mutuwa. A dokar laifuka ta Arewa, wato Final Kod (*Penal Code*), wadda ta fara aiki a 1960, satar da ba wani abu a tare da ita ɗaurinta bai wuce shekara 5 ba. Dokar fashi da makamai ta 1984 kuwa ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga ɗan fashi, da hukuncin kisa idan yana ɗauke da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai ɗauke da shi, ko ya ji wa wani rauni. Mai fassarar da ya mayar da "ana zarginsa da satar babur" zuwa *accused of robbery* ya ɗora wa bawan Allah laifin da ba a tuhume shi da shi ba, ya kuma yaɗa hakan ga duk wanda ya karanta. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Rabon ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun bambanta sariƙa, wato ɗaukar dukiya a ɓoye daga inda aka adana ta, da hiraba, wato tare hanya da tsoratar da jama'a. Hukuncin ta farko yana aya ta 38 a Suratul Ma'ida, na ta biyu a aya ta 33. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya yi rabin tafiya wajen gane *theft* da *robbery*, ko da yake sharuɗɗan dokokin ba ɗaya ba ne.

Ƙwacen waya fa, wanda ya addabi Kano da wasu biranen?

Ya danganta da yadda aka yi. Idan mai babur ya fizge wayar daga hannunka ya wuce, *snatching* ne, shi kuma *phone snatcher*. Idan suka tare ka a lungu suka zaro wuƙa, an bar maganar fizge, an shiga *armed robbery*, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Jaridu sukan ci gaba da rubuta *phone snatching* ko da an soki mai wayar ya mutu, kuma a ganina wannan yana rage wa abin nauyi a idon mai karatu.

Akwai kuma *mugging*, wadda Turawa suke amfani da ita sosai, mu kuma ba mu cika ɗaukarta ba. Ita ce a far wa mai tafiya a titi ko wani fili a karɓe abin da ke jikinsa: *He was mugged on his way home*. Kalmar hira ce da labarai. A kotu sunanta *robbery*.

Akwai kalmomi na ƙananan sace-sace?

Akwai. Ɗan sane, mai yankan aljihu a kasuwa ko tasha, shi ne *pickpocket*. Ɗaukar kaya a kanti a fice ba a biya ba *shoplifting* ne, kuma sharaɗinsa kantin yana buɗe, mutum ya shiga kamar mai saye. Idan da dare ya fasa ƙofa, koma amsar *burglary*. *Pilfer* ita ce ɗauke-ɗauke kaɗan-kaɗan a kai a kai, musamman a wurin aiki, irin yaron shagon da kullum sai sabulu ɗaya ko gwangwanin madara ya bi shi gida. 'Yan kasuwa da masu inshora suna kiran asarar *pilferage*. *Filch* da *purloin* suna nan a littattafai da tambayoyin jarrabawa, amma da wuya ka ji su a baki. *Petty theft* ta tattara duk satar abin da bai taka kara ya karya ba.

Na ga *larceny* a fim ɗin Amurka. Daidai take da *theft*?

Kusan haka. Tsohuwar kalmar shari'a ce da ta shigo ta Faransanci daga kalmar Latin mai nufin ɗan fashi. Ingila ta yi watsi da ita a dokar 1968, amma jihohin Amurka da dama suna riƙe da ita. Suna raba ta biyu bisa darajar abin da aka sace: *petit larceny* ƙarama, *grand larceny* babba. A jihar New York, abin da ya haura dala 1,000 ya shiga babba. Kalifoniya tana cewa *grand theft*, iyakarta kuma dala 950. In ba shari'ar Amurka kake fassarawa ba, *theft* ta ishe ka.

Ma'aikacin da ya yi sama da faɗi da kuɗin ofis, me ake ce masa?

*Embezzlement* ya yi, shi kuma *embezzler* ne. Abin da ya raba wannan da sauran shi ne kuɗin ta hanyar halal suka zo hannunsa: an ba shi amanarsu a matsayin akawu, ko ma'aji, ko shugaban hukuma, sai ya karkatar da su aljihunsa. Ba ƙofar da ya fasa, ba wanda ya tsorata. Hausa tana da kalmomi masu ƙarfi a nan, almundahana, ruf da ciki, cin amana, kuma *embezzle* ce ta fi kusa da su.

*Misappropriation* da *diversion of funds* sun fi laushi, shi ya sa takardun gwamnati suka fi son su. Suna iya nufin an sace kuɗin, suna kuma iya nufin an kashe su a inda ba nan aka ware su ba. Mai fassara ya duba da kyau kafin ya ce "ya wawure". A takardun tuhuma na kotunan Arewa za ka fi cin karo da *criminal breach of trust* da *criminal misappropriation*, domin su ne sunayen da Final Kod ta ba laifukan. Ta gaje su ne daga dokar Sudan, wadda ita ma aka gina a kan dokar laifuka ta Indiya ta 1860.

Damfara fa? Ita ma sata ce a Turanci?

Tana da gidanta daban, domin a nan mai dukiyar ne ya miƙa da hannunsa bayan an yaudare shi. Babbar kalmar ita ce *fraud*, mai yi *fraudster*, aikatau kuma *defraud*, wadda take bin tsarin *rob*: *He defrauded her of two million naira*. *Scam*, *con* da *swindle* na hira ne da jarida. *Dupe* tana nufin yaudarar mutum, kuma 'yan Najeriya suna yawan amfani da ita.

Lambar 419 da duniya ta san mu da ita sashe ne na dokar laifuka ta Kudu, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya, *obtaining by false pretences*. Final Kod tana kiran irin wannan *cheating*. Samfurin da ake cewa ka biya wani abu tukuna kafin a turo maka dukiya mai yawa shi ne *advance fee fraud*, kuma yana da dokarsa ta 2006 wadda EFCC take gurfanar da mutane a kanta.

Me ya sa ake cewa *Abacha loot*, ba *Abacha theft* ba?

*Loot* kalmar Hindi ce da Ingilishi ya ɗauko a Indiya a ƙarni na 18. Asalin ma'anarta ganima, kuma har yanzu tana nufin wawaso a lokacin da doka ta kau: yaƙi, tarzoma, gobara, ambaliya. Abin da ya faru a rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama a watan Oktoba na 2020 *looting* ne. Haka kwashe kayan tagulla da sojojin Birtaniya suka yi daga fadar Benin a 1897. Da aka ɗora ta a kan dukiyar gwamnati, ana nufin an kwashe ta da yawa, a fili, ba tsoron kowa, kamar garin da aka ci da yaƙi. Kuma *loot* tana zama sunan dukiyar da kanta, abin da *theft* ba ta yi. Don haka dala miliyan 321 da Suwizalan ta amince ta dawo wa Najeriya da su a 2017 ake kiransu *recovered loot*.

*Plunder* da *pillage* 'yan'uwanta ne, sun fi zama a littattafan tarihi. *Plunder* daga Jamusanci ta fito, ta shiga Ingilishi a zamanin yaƙin shekara talatin na Turai, 1618 zuwa 1648. *Ransack* kuma birkita wuri ne ana neman abin ɗauka.

*Bandits* da ake kiran 'yan bindigar Zamfara da Katsina, kalmar ta dace?

*Bandit* daga Italiyanci take, inda take nufin wanda aka kora daga gari ya koma daji. A Turanci ɗan fashi ne da ke cikin gungu, yana aiki a daji ko tsauni inda hukuma ba ta da ƙarfi. Ta wannan fuska ta dace da 'yan fashin daji. Amma kalmar tana da sauƙi a kunnen Bature, tana tuna masa finafinan kaboyi, ba ta ɗauke da ƙona ƙauyuka da kashe manoma da kwashe 'yan makaranta. A watan Nuwamba na 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin a matsayin 'yan ta'adda, sai dai jaridu ba su bar *bandits* ba.

Sauran kalmomin wannan fage: satar shanu *cattle rustling*, ɓarawon shanu *rustler*. *Brigandage* a Final Kod fashi ne na mutum biyar ko fiye. Garkuwa da mutane *kidnapping*, kuɗin fansa *ransom*. *Abduction* ɗauke mutum ne da ƙarfi ko da ba a nemi kuɗi ba. *Hijack* ƙwace jirgi ko mota ne tana kan tafiya, *carjacking* ƙwace mota daga hannun direbanta, *piracy* fashin teku.

Harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyuka kafin su bar su su yi noma, me sunansa?

*Extortion*: tilasta wa mutum ya ba da dukiya ta hanyar barazana. Bambancinta da fashi shi ne barazanar ba lallai ta nan take ba ce, ana iya cewa ku kawo kaza zuwa Juma'a ko mu dawo. Jami'in da ya tsare direba a hanya sai ya ba da na goro shi ma *extortion* ya yi. Kuɗin da ake biya don a zauna lafiya *protection money* ne, ko da yake jaridun gida sun fi rubuta *levy*.

*Blackmail* a yau ita ce barazanar tona asiri in ba a biya ba. Amma a ƙarni na 16, a iyakar Ingila da Sikotilan, sunan kuɗin da manoma suke biyan mahara ne don kada su kore musu shanu. Abin da talakan Zurmi ko Shinkafi yake fuskanta yau shi ne ainihin ma'anarta ta farko. Kula kuma: a siyasar Najeriya ana amfani da *blackmail* da nufin ɓata suna kawai, wanda a daidaitaccen Turanci *smear* ne ko *defamation*.

Wanda yake sayen kayan sata fa?

Ɓarawon zaune a bakin Turawa *fence* ne, a takarda kuma *receiver*. Laifin a Najeriya *receiving stolen property*, a Ingila *handling stolen goods*. Dokar Ingila ta sa masa iyakar shekara 14, ninki biyu na ɓarawon da ya ɗauko kayan.

Waɗanne ne na hira, waɗanda bai kamata in sa a rubutu na hukuma ba?

*Nick* da *pinch* na mutanen Birtaniya ne, *swipe* da *lift* ana jin su ko'ina, duk suna nufin ɗauke abu a ɓoye. *Rip off* tsuga wa mutum kuɗi ne ko cutarsa a ciniki. *Hold-up* da *stick-up* fashi ne da bindiga. Kada ka rikita ta farkon da cunkoson motoci da 'yan Najeriya suke kira da sunan. *Heist* babbar sata ce da aka tsara da dabara, a banki ko gidan tarihi. 'Yan jarida suna sonta domin tana rufe *robbery* da *burglary* duka, amma ba sunan laifi ba ce a doka. *One chance*, wato motocin haya na ƙarya da ke yi wa fasinja fashi a Abuja da Legas, tamu ce ta gida, sai ka yi wa baƙo bayani.

Wasu maganganun kuma ba satar gaske a cikinsu. *Daylight robbery* kuka ne da tsadar da ta wuce hankali. *It's a steal* yabo ne, abu ya yi araha. *We were robbed* a bakin 'yan ƙwallo na nufin alƙalin wasa ya zalunce su.

Satar fasaha da satar amsa suna shiga cikin waɗannan?

Da sunayensu na kansu. Kwafe rubutun wani ka ce naka ne *plagiarism*. Buga littafi ko fim ɗin wani a sayar ba izini, cutar da ta daɗe tana cin masu shirya finafinan Hausa, *piracy* ce, kalma ɗaya da ta fashin teku. Satar amsa *cheating* ce, a harshen hukumomin jarrabawa na Najeriya kuma *examination malpractice*. Amfani da sunan wani da bayanansa don cin bashi ko cire kuɗi *identity theft*.

Idan na rikice ina tsakiyar rubutu, ta yaya zan zaɓi kalmar da ta dace?

Ka tambayi labarin da kansa. An yi wa wani mutum ƙarfi ko barazana a wurin? To *robbery*. An shiga gini ba izini? *Burglary*. Mai dukiyar ne ya miƙa da kansa? In yaudara ce *fraud*, in tsoro ne *extortion*. Dama amanar kuɗin tana hannun wanda ya ci? *Embezzlement*. Idan ba ko ɗaya, ko kuma bayanin bai iso gare ka ba tukuna, tsaya a kan *theft* da *steal*, domin su ne mafi faɗi, ba su ƙara wa kowa laifi.

Ga mai rubuta labari akwai ƙari. Mutumin da aka kama *suspect* ne, wanda aka gurfanar *defendant* ko *the accused*, sai kotu ta same shi da laifi yake zama *convict*. Kafin nan a rubuta *alleged robbery* ko *suspected thief*, kamar yadda muke cewa "wanda ake zargi". Ƙananan kalmomin da ke biye ma suna da ƙa'ida, kuma jarrabawa tana yawan tambayarsu: *accused of*, *charged with*, *arrested for*, *convicted of*, *sentenced to*.